Kundin aiki: koya wa Haskell ma'anar jimlolin Hausa

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Abin da nake so in gina shi ne ƙaramin shirin kwamfuta da Haskell, wani harshe na rubuta manhaja, wanda za a ba shi jimlar Hausa, shi kuma ya ce gaskiya ce ko ƙarya a cikin wata 'yar duniya da na ƙaga masa. Ba fassara ba ce, ba kuma irin manhajojin hira da ke cankar kalma ta gaba ba. Hanyar Richard Montague zan bi, masanin mantiƙi na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, wanda a 1970 ya ce shi bai ga wani bambanci na asali tsakanin harshen mutane da harsunan da masu mantiƙi ke ƙerawa ba. Maƙalarsa da aka fi sani, wadda ta yi magana kan ma'aunai (kalmomi irin su *kowane* da *wani*) a Ingilishin yau da kullum, ta fito a 1973, shekara biyu bayan rasuwarsa.

Ginshiƙin tafiyar ɗaya ne: ma'anar jimla daga ma'anar sassanta ake gina ta, da kuma yadda aka harhaɗa su. Ana jingina wannan ra'ayi ga Gottlob Frege. Kayan aikin kuwa lissafin lamda ne na Alonzo Church, musamman mai nau'o'i da ya fitar a 1940. Haskell jikan wannan lissafin ne, shi ya sa abin da Montague ya rubuta da alli kusan kai tsaye ake kwafe shi zuwa kwamfuta. Wani malami ya ara mini littafin Jan van Eijck da Christina Unger na 2010, wanda ya yi wannan aikin a kan Ingilishi. Ni Hausa zan gwada, in ga inda za ta bi layi da inda za ta bijire.

Na sauke GHC 9.4.8, kwamfailar Haskell mai mayar da lambar shiri abin da kwamfuta za ta gudanar, ta hanyar GHCup. Sau da yawa intanet ya yanke ana tsakiyar saukewa, sai da na bari dare ya yi. Data ta naira 5,000 ta tafi.

Talata, 9 ga Janairu

Duniya ta samu. Mutum huɗu, littafi biyu, jaki biyu.

```haskell
data Abu = Audu | Musa | Ladi | Binta | L1 | L2 | J1 | J2
  deriving (Eq, Show, Enum, Bounded)

duniya :: [Abu]
duniya = [minBound .. maxBound]

type Sifa = Abu -> Bool

kowane, wani :: Sifa -> Sifa -> Bool
kowane p q = all q (filter p duniya)
wani   p q = any q (filter p duniya)
```

Suna gama-gari kamar *ɗalibi* fankishin ne: a ba shi abu, ya ce e ko a'a. Aikatau ƙi-karɓau kamar *zo* shi ma haka. Ma'auni kuma yana cin sifa biyu ya ba da gaskiya ko ƙarya. Wannan shi ne tsarin da Jon Barwise da Robin Cooper suka faɗaɗa a 1981. Na rubuta `kowane ɗalibi zo` a GHCi, tagar gwada lambar Haskell kai tsaye, ya amsa da `True`. Layi biyu kacal, amma a cikinsu akwai duk abin da ake cika allo da shi a ajin ilimin ma'ana.

Sunan yanka ma na ɗaga shi ya zama irin su, kamar yadda Montague ya yi: `suna x = \p -> p x`. Wato *Audu* ba mutumin ba ne kawai, tarin siffofin da yake da su ne. Da farko abin kamar wahalar da kai, amma amfaninsa shi ne *Audu* da *kowane ɗalibi* sun zama nau'i ɗaya, doka ɗaya ta ishe su.

Alhamis, 11 ga Janairu

Yau haruffa masu lanƙwasa suka cinye yinin. Haskell ba ya ƙin *ɗ* da *ƙ* da *ɓ* a cikin sunayen fankishin, wannan ya yi daɗi. Rigimar wajen fitarwa take. `show "ɗalibi"` yana ba da `"\599alibi"`, domin 599 ce lambar *ɗ* a Unicode, kuma `show` ba ya barin harafin da ba na ASCII ba ya wuce da fuskarsa. Da na koma `putStrLn`, sai tagar umarni ta Windows ta tsayar da shirin gaba ɗaya, wai ta ga harafin da ba ta sani ba. Maganin: `hSetEncoding stdout utf8` a farkon `main`.

Sai *'y*. Suna a Haskell ba ya farawa da wannan alamar, don haka `'yar` ba ta shiga. Na ari *ƴ* irin ta rubutun Nijar a cikin lambar shirin, a wajen karɓar rubutu kuma na sa shi ya ɗauki *'y* da *ƴ* da wadda wayoyi ke lanƙwasa wa alama a matsayin abu ɗaya.

Lahadi, 14 ga Janairu

Aikatau so-karɓau ya shiga: `haɗa r karɓau = \x -> karɓau (\y -> r x y)`. *Kowane ɗalibi ya karanta wani littafi* tana aiki. Na ƙara *yawancin*, ƙidaya ce kawai. Babu matsala.

Laraba, 17 ga Janairu

Na fara mai li'irabi, wato ɓangaren da ke karɓar rubutu ya fitar da bishiyar jimla. Ban ɗauko laburare ba, na rubuta nawa wanda ke mayar da jerin duk bishiyoyin da za su yiwu, domin na san harshen damo zai yi yawa. Ban zaci zai yi yawa haka ba.

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. *Kowa ya zo* a takarda abu uku ce. Da dogon wasali a *ya*, labari ne: kowa ya iso. Da gajeren wasali mai karin ƙasa, umarni ne: ana kiran kowa. Akwai kuma ta uku, wadda jimlar ba ta ƙare ba: kowa ya zo, a ba shi kujera. Mai magana ba ya ko lura, kunnensa ya riga ya raba masa. Shirin kuwa rubutu kawai yake gani. A yanzu na tsaya a shuɗaɗɗen lokaci, na bar umarni, domin umarni ba a ce masa gaskiya ko ƙarya. Da jam'i abin ya fi sauƙi, tunda *sun* da *suka* da *su* kowanne da kamanninsa.

Aikatau ma yana sauya riga gwargwadon abin da ke biye da shi: *ya saya*, *ya saye shi*, *ya sayi littafi*, *ya gani*, *ya gan shi*, *ya ga Audu*. Tsarin azuzuwan aikatau bakwai na F. W. Parsons, na 1960, shi na bi. Kowane aikatau a ƙamus ɗin shirin yanzu yana da siga uku, ma'ana ɗaya. Da wannan, *ya sayi shi* ba ta samun bishiya ko ɗaya, kuma haka ya kamata.

Asabar, 20 ga Janairu

Korewa. Na rubuta abin da kowa zai rubuta, `kore p = \x -> not (p x)`, na koya wa mai li'irabi *bai … ba*, *ba ta … ba*, *ba su … ba*. *Audu bai zo ba* ta yi daidai. *Ladi ba ta ga Musa ba* ta yi daidai. Sannan na ba shi wannan:

*Audu bai ga kowa ba.*

A duniyar tawa Audu ya ga Ladi, bai ga sauran ba. Shirin ya ce `True`. Duk Bahaushe ya san ƙarya ce, tunda ya ga Ladi. Lissafin da shirin ya yi shi ne: shin Audu ya ga kowa da kowa? A'a. To kore wannan, ya zama e. Wato ya fahimci jimlar a matsayin "ba duka ya gani ba", alhali ma'anarta "ko mutum ɗaya bai gani ba".

Abin da ya sa ba za a gyara shi da faci ba shi ne akwai jimlar da wannan lissafin ne daidai gare ta: *Audu bai karanta duk littattafan ba.* Nan in ya karanta ɗaya ya bar ɗaya, gaskiya aka faɗa. To ga *duk* ga *kowane*, a jimla tabbatacciya kusan abu ɗaya suke nufi, `all` ta wadatar da su, amma da korewa ta shigo sai kowanne ya kama gabansa. Ga kuma ta uku: *Ba kowa ne ya zo ba.* Nan *kowa* ɗin dai ne, amma ma'anar ta koma "ba duka ba".

Gutsuren Ingilishin da ke cikin littafin bai shirya wa wannan ba, domin can kalmomi biyu daban suke raba aikin. Malte Zimmermann na Jami'ar Potsdam a Jamus ya yi rubutu kan ma'aunan Hausa, har da waɗannan kalmomi masu farawa da *ko-*, kuma manyan nahawun Paul Newman na 2000 da Philip Jaggar na 2001 duk sun kawo misalan. A takarda ana iya cewa "a ƙarƙashin korewa ma'anarsa kaza" a wuce. Kwamfaila ba ta karɓar wannan. Sai an faɗa mata wane nau'i, a wane gurbi, wa ke cin wa.

Talata, 23 ga Janairu

Batirin laftof ya daina riƙe caji, ga wuta ba ta zama. Sabo naira 28,000. Ban taɓa aikin ba.

Juma'a, 26 ga Janairu

Kafin in sake taɓa lamba, na tara hukuncin masu harshe. Bayan sallar Juma'a na je wajen wani dattijo da ya daɗe yana koyar da Hausa a sakandare kafin ya yi ritaya. Na karanta masa jimlolin ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, "Malam, in na ce *kowa bai zo ba*, me ka ji?"

Ya ce, "Na ji, amma wa ya koya maka? *Babu wanda ya zo* ake cewa."

"To *Audu bai sayi wani littafi ba* fa?"

Ya ɗan yi shiru. "Wannan sai na ji muryarka. Ko dai akwai wani littafi takamaimai da bai saya ba, ko kuma bai sayi wani littafin kirki ba sam. Amma in ka cire *wani* ka ce *bai sayi littafi ba*, to magana ta ƙare, ko ɗaya bai saya ba."

Wannan ya ba ni rukuni uku a gurbin karɓau. Masu *ko-* ba sa ba da ma'anar "ba duka ba" a cikin *ba … ba* ta aikatau. Tsurar suna da *duk* suna zama a ƙarƙashin korewa. *Wani* kuma yana iya zama, yana iya fita. Ƙanwata ta yarda da duka, sai *koyaushe*: ita a kunnenta *ba ya zuwa koyaushe* na nufin yana zuwa jefi-jefi, Malam kuma ya ce shi *ba koyaushe yake zuwa ba* zai ce in haka yake nufi. Na cire *koyaushe* daga gutsuren har sai an zo kan lokaci.

Malam ya ƙara mini da wata da ban tambaya ba: *shi ba kowa ba ne*. Na rubuta ta a bayan littafi, ba na jin shirin zai kai can a bana.

Litinin, 29 ga Janairu

Na gwada dabarar ragowa. Nau'in yankin suna, `(Abu -> Bool) -> Bool`, shi ne daidai `Cont Bool Abu` da ke cikin laburaren Haskell, kuma Chris Barker ya nuna a 2002 cewa hurumin ma'aunai, wato iyakar inda ikon kowanne yake kaiwa a jimla, ana iya fahimtarsa ta nan: kowane yanki yana karɓar ragowar jimlar a matsayin fankishin. Da `do` jimlar *kowane ɗalibi ya karanta wani littafi* ta zama layi uku, kuma in an juya layi biyun farko sai hurumin ya juya, a samu karatun da littafi ɗaya ne kowa ya karanta. Kyakkyawan abu ne ƙwarai.

Da korewa ne ya ci tura. In korewa ta rufe ragowar a kanta, *duk* ya yi daidai, *kowa* ya maƙale a ciki. In ta bar ƙofa a buɗe, *kowa* ya fita, *duk* ma ya bi shi. Ana buƙatar hawa biyu na ragowa, ɗaya a kan ɗaya, irin benen da Barker da Chung-chieh Shan suka yi amfani da shi. Na gina shi, ya yi aiki a jimla biyu, amma nau'o'in sun kumbura har saƙon kuskure ɗaya yana cika allo, kuma duk kalmar da ba ruwanta da hurumi sai an ɗaga ta hawa biyu. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na ajiye shi a reshe na daban.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Babban sauyi. Matsalar da ta fi damuna ba korewa ba ce, rashin gani ne. Shirin yana cewa `True` ko `False`, ba ya nuna dalili, kuma in na nemi ya buga ma'anar *ɗalibi* sai ya ce babu `Show` ga fankishin. Don haka na raba aikin gida biyu: jimla ta fara zama tsarin mantiƙi da ake iya bugawa, sannan a auna tsarin a kan duniya.

```haskell
data Tsari = Ai String [Kan]
           | Kore Tsari | Da Tsari Tsari | Idan Tsari Tsari
           | Duka Int Tsari | Akwai Int Tsari
           | Yawanci Int Tsari Tsari
```

*Yawanci* ya samu gurbinsa daban mai hannu biyu, domin Barwise da Cooper sun tabbatar ba a iya gina shi daga "duka" da "akwai" na mantiƙin mataki na farko.

Fitowar farko ta ba da dariya. *Kowane ɗalibi ya karanta wani littafi* ta fito da `x` a duka gurbin, ma'aunin ciki ya ƙwace na waje, ma'anar ta zama akwai littafin da ya karanta kansa. Kowane ma'auni yana buƙatar sabuwar lamba tasa. Na sa `State Int` tana ƙirga musu.

Hurumi kuma na koma tsohuwar dabarar Robin Cooper ta 1983, wadda nake kira rumbu. Yankin suna yana barin lamba a gurbinsa, ma'aunin kansa a jefa shi rumbu, a fito da shi daga baya a inda aka ga dama. Abin da na ƙara shi ne kowane ma'auni yana ɗauke da izininsa:

```haskell
data Fita = Dole | Zaɓi | A'a
```

Haskell ya karɓi `A'a` a matsayin suna ba musu, tunda alamar a tsakiya take. In an iso korewar aikatau, masu `A'a` ana sauke su kafin a kore, masu `Dole` su wuce sama, masu `Zaɓi` a bi hanya biyun. In an iso *ba … ba ne*, wadda ke kore jimla sukutum, sai a zazzage rumbun kaf kafin a kore. Sakamako:

*Audu bai ga kowa ba*: karatu ɗaya, `False`.
*Audu bai karanta duk littattafan ba*: karatu ɗaya, `True`.
*Audu bai sayi wani littafi ba*: karatu biyu.
*Ba kowa ne ya zo ba*: karatu ɗaya, `True`.

Akwai wata hanyar: a ba *kowa* ma'ana biyu a ƙamus, "duka" a jimla tabbatacciya, "akwai" a ƙarƙashin korewa. A lissafi ba a raba su, tunda "kowane mutum, bai gan shi ba" da "babu mutumin da ya gani" abu ɗaya ne. Na ƙi ta ne saboda sai an ninka *kowa*, *komai*, *ko'ina*, *kowane*, *kowace* duka, sannan a ƙirƙiro dokar da za ta hana ma'ana ta biyu fitowa a *ba kowa ne ya zo ba*. Ma'ana ɗaya da tambari ɗaya sun fi mini sauƙin karewa. Ba na cewa haka ƙwaƙwalwar Bahaushe take yi. Ina cewa da wannan jimlolin Malam duka sun fito daidai, kuma in gobe wata ta karya shi zan san layin da zan duba.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Rumbu yana haihuwa da yawa. Ma'auni uku karatu 6, huɗu 24, biyar 120, yawancinsu maimaici ne, domin "akwai" biyu a jere ko an juya su ma'ana ba ta sauyawa. Na sa matata mai jera ma'aunai iri ɗaya bisa lambarsu sannan ta zubar da kwafi. Na kuma hana ma'auni tsallake katangar jimlar dangantaka, wato abin da ke cikin *yaron da ya ga kowa* ba ya fita waje.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Gwaje-gwaje da QuickCheck, laburaren da Koen Claessen da John Hughes suka yi a Jami'ar Chalmers ta Suwidin. Yana ƙago duniyoyi barkatai ya gwada doka a kansu. Dokar da na ba shi ita ce wadda aka ce duk mafayyatan harsunan mutane suna bi: *kowane ɗalibi ya zo* daidai take da *kowane ɗalibi ɗalibi ne da ya zo*. *Kowane*, *wani*, *yawancin* sun wuce. *Kaɗai* ta faɗi, kuma daidai ne ta faɗi, ita ba mafayyaci ba ce, da jaddadawa take tafiya.

Gwajin ya tono wani abu. A duniyar da babu raƙumi, *kowane raƙumi ya karanta littafi* gaskiya ce, domin `all` a kan jerin da babu komai `True` take bayarwa. Masu mantiƙi sun saba da wannan. Ƙanwata da na karanta mata cewa ta yi, "Yaya, wane raƙumin?" Amsarta ta fi ta shirin. Na mayar da sakamako `Maybe Bool`, inda `Nothing` ke nufin jimlar ta ɗauka akwai abin da babu.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Fetur na janareta naira 6,500, buga takardu 1,800. Gyaran ƙamus kawai: kalmomi sun kai 60.

Talata, 20 ga Fabrairu

Madanganci, *-n* da *-r*. Littattafan mantiƙi suna farawa da muhawarar Bertrand Russell ta 1905 da martanin P. F. Strawson na 1950, inda sharaɗin shi ne abin ya kasance guda ɗaya tak a duniya. Na gwada haka, bai zauna wa Hausa ba. Rana ɗaya ce tak, amma *rana ta faɗi* muke cewa. A duniyar shirin kuma littafi biyu ne, duk da haka *Audu ya sayi littafi, Ladi ta karanta littafin* ba ta da aibu. Madanganci ambaton baya yake nema, ba kaɗaitaka ba. Wannan na nufin ba zan iya ba shi ma'ana ba sai shirin ya riƙa tuna abin da aka faɗa.

Ga kuma ƙaramar fitina a li'irabi: *littafin* na madanganci da *littafin* na nasaba, kamar a *littafin Audu*, rubutunsu ɗaya. *Ya ba mai littafin Audu* ta fito da bishiyoyi fiye da yadda nake so. Na bar su, auna ma'ana zai rage.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Jakuna biyun da na sa tun farko yau ranarsu ta zo.

*Duk manomin da ya mallaki jaki yana dukansa.*

Peter Geach ne ya shahara da irin wannan jimlar a 1962, daga littattafan mantiƙi na tsakiyar zamani ya tono ta. *Jaki* "akwai" ne, kuma yana cikin jimlar dangantaka, hurumin nasa ya ƙare a can. To *-sa* na *dukansa* wa yake nuni? Shirin ya fito da lamba marar uba, mai aunawa ya tsaya da kuskure. In an fito da jakin sama, sai ma'anar ta zama jaki ɗaya ne duk manoma suka yi tarayya a kansa, wanda ba shi aka faɗa ba.

Mafitar da Hans Kamp ya kawo a 1981 da Irene Heim a 1982, kowannensu daban, ita ce a daina ɗaukar jimla a matsayin gaskiya ko ƙarya kawai, a ɗauke ta a matsayin abin da ke sauya mahallin zance. Jeroen Groenendijk da Martin Stokhof na Amsterdam sun mayar da shi mantiƙi mai tsafta a 1991, kuma nasu ne ya fi sauƙin shiga Haskell:

```haskell
type Mahalli = [Abu]
type Ma'ana  = Mahalli -> [Mahalli]

idan :: Ma'ana -> Ma'ana -> Ma'ana
idan a b m = [ m | all (not . null . b) (a m) ]
```

Suna marar madanganci yana ƙara abu a mahalli, hanya ɗaya ga kowane jaki. Wakilin suna yana ɗauko abu daga mahalli. Jimla gaskiya ce in jerin da ta bari ba fanko ba ne. Na sake rubuta mai aunawa a kan wannan, jimlar jaki ta wuce, madanganci ma ya samu wurin zama: ya duba mahalli ya ɗauko na ƙarshe da ya dace da sunan.

Wannan `idan` ɗin tana da tsanani. Musa yana da jaki biyu, yana dukan ɗaya, shirin ya ce jimlar ƙarya ce, sai ya doke su duka. Ga jaki na yarda. Amma *duk wanda yake da hula yana sa ta ranar Juma'a* ba ta nufin mai hula goma ya jera su a ka. Sai na rubuta `idan` ta biyu mai sassauci, shirin yana ba da karatu biyun. Zaɓi tsakaninsu ba na nahawu ba ne, sanin duniya ne, kuma ba zan sa shi a wannan shirin ba.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Jinsi da adadi sun shiga mahalli, *shi* ba ya ɗauko Ladi. *Jaka* ta fito da ma'ana biyu, dabbar da ta ratayawa, na bar su duka a ƙamus.

Lahadi, 3 ga Maris

Abu biyu da mahalli ya warware ba tare da na nema ba. Na ɗaya, karɓau da aka shafe: *Ladi ta sayi littafi ta karanta.* Ba a ce *shi* ba, amma littafin ake nufi. Na sa sigar aikatau marar karɓau tana ɗauko abu marar rai na ƙarshe a mahalli. Na biyu, *wani ya zo, wani ya tafi*. Tsohon shirin yana yarda mutum ɗaya ne ya yi duka biyun. Yanzu *wani* yana ƙin duk abin da ke cikin mahalli mai irin sunansa, layi ɗaya: ``x `notElem` m``. Da wannan *ya sayi littafi, sannan ya sayi wani* ma ta fito daidai.

Abin da ya lalace: rumbu da mahalli ba su jitu ba. In *wani* ya tsallake korewa, yana barin abu a mahalli, ana iya cewa *Audu bai sayi wani littafi ba, yana da tsada*. In bai tsallake ba, korewa tana share shi. Shirin yana yin daidai a nan. Amma in *kowane* ya fito daga rumbu ya hau kan wakilin sunan da ya riga shi zuwa, sai ya ɗaure shi, a samu karatun da babu mai ji a kunnensa. Na sa sharaɗi na wucin gadi: ma'auni ba ya ɗaure wakilin sunan da ke hagunsa. Faci ne. Benen Barker da Shan yana ba da wannan kyauta, domin can daga hagu zuwa dama ake aunawa, don haka reshen da na ajiye a Janairu bai mutu ba.

Asabar, 9 ga Maris

Inda aka tsaya: kalmomi 85, jimlolin gwaji 140, guda 131 suna fitowa yadda masu harshe suka ce. Tara da suka rage, shida na jam'i ne. *Duk ɗaliban sun taru* shirin yana duba kowane ɗalibi ko ya taru shi kaɗai, kuma yana karɓar *kowane ɗalibi ya taru*, wadda ba Hausa ba ce. Ana buƙatar abubuwa masu tarin yawa a cikin duniya, irin tsarin Godehard Link na 1983, inda Audu da Musa a haɗe su ma abu ne. Da abu 8 tarin zai kai 255, wannan ba komai ba ne ga kwamfuta, amma QuickCheck zai ja lokaci in duniyoyin suka girma, sai na taƙaita su.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau naira 52,300, fiye da rabi batir ne.

Jibi ake sa ran ɗaukar azumi, aikin zai koma bayan asuba, awa ɗaya. Jerin gaba: jam'i da *duk* na tarayya, sannan *biyu-biyu*, kamar a *yara sun sayi littafi biyu-biyu*, sannan aikatau mai ninki irin *sun firfito* da *ya kakkama su*, wanda ba zai yiwu ba sai an shigo da aukuwa cikin duniya yadda Donald Davidson ya ba da shawara a 1967. *Koyaushe* tana jiran wannan matakin. Malam ya ce in kai masa jimlolin jam'in a rubuce bayan Sallah, kuma in sa musu alamar karin sauti.